Kango Ne Ko Kufai

Tashi daga Bodinga

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar tasha, ni da kawuna Alhaji Ummaru, wanda duk ƙasarmu aka fi sani da Na-Bagadaza. Shi yana gaba da sandarsa, ni ina biye da buta da ƙullin gumbar da ɗiyarsa ta daka mana, ina ta mita a zuci, don ban so tafiyar nan ba ko kaɗan. Ni malamin makaranta ne, tarihi nake koyarwa, kuma hutun ƙarshen mako kaɗai gare ni. Amma mahaifiyata ta ce in na bar yayanta ya shiga dajin nan shi kaɗai, kada in sake taka mata ɗaki.

Bari in gaya wa mai karatu abin da ya fitar da mu. Kawu shi ne mai garin Tungar Gawo, wani ɗan ƙauye da ke bayan Mandera a ƙasar Shagari. Damina uku ke nan da 'yan bindiga suka tashe su. Tun daga lokacin mutanensa suna zaune a gefen Bodinga, cikin bukkokin zana da tamfol, a gonar wani bawan Allah da ya ba su aro. Mai gonar ya daɗe da cewa su gina in suna so. Kawu ne ya hana. A wurinsa, duk wanda ya aza tubali ɗaya a Bodinga ya sallama Tungar Gawo ke nan.

Kullum aka tayar da maganar, amsarsa ɗaya ce: garinsu kango ne, ba kufai ba. Kango gida ne da rufi ya faɗi, bango na tsaye, a aza azara a yi yaɓe a shiga. Kufai kuwa wurin da aka taɓa yin gari ne, sai dai a nuna wa jikoki da sanda. Daminar bara ruwa ya kwana a kan mutane cikin bukkokin nan, sanyi ya kama wata tsohuwa da wani jinjiri, duka biyun muka binne su. Bana samari suka ce ba za su sake ba. Sun ma haƙo ƙasa sun tara, ga ruwa yana matsowa. Da ƙyar aka yi sulhu a kan cewa Kawu ya je ya gano da idonsa. In kango ne, kowa ya tattara a koma a yi rufi. In kufai ne, ya ba da izinin gini.

A tasha muka sami ƙaramar bas mai zuwa Shagari. Direban, wani ɗan Sifawa mai bakin tsiya, ya rantse mana minti biyar ya rage ya tashi. Rana ta fito, masu shayi suka kwashe kayansu, muna nan zaune. Da haushi ya ishe ni na ce masa ko ya san waɗanda suka fara raba awa gida sittin mutanen wata tsohuwar ƙasa ce a Iraƙi, kuma da sun ga yadda yake yi da mintinsu da sun fasa. Ya dube ni ta madubi ya ce to in kira su su zo su cika masa mota.

Hanyar Shagari

Kuskuren da na yi ke nan, ambaton Iraƙi a gaban Kawu. Motar ba ta gama fita daga gari ba ya gyara zama ya buɗe labarinsa, wanda na ji ya fi a ƙirga tun ina yaro. Yana saurayi, bayan ya sauke farali, ya bi wasu 'yan ɗariƙa zuwa ziyara Bagadaza. Da suka gama, wani direba ya ce zai kai su su ga garuruwan mutanen farko. Ya kai su Babila, daga nan suka nausa kudu har wani wuri da ake kira Ur, inda aka ce nan ne garin Annabi Ibrahim kafin ya yi hijira.

Abin da ya tsaya wa Kawu a rai ba wani gini ba ne. Ya ga wata doguwar hasumiya mai matakala, amma ba ita yake yawan faɗi ba. Tuddai ne. Ƙasa shimfiɗe ba dutse ba tsauni, sai tudu nan, tudu can, aka ce masa kowane tudu gari ne da kasuwarsa da fadarsa. Ya hau ɗaya, ya ga tsingaro birjik a ƙarƙashin ƙafarsa. Daga nan kullum sai ya ɗaga yatsa ya rufe labarin da hukunci: masu bautar gumaka ne, Allah ya kife musu gari. Shekara da shekaru yana faɗin haka a zaurensa, har yara sun haddace.

Fasinjoji suka yi ta salati. Ni kuwa bakina bai iya shiru ba. Na ce mutanen nan, na ƙasar da ake kira Sumer, da laka suke gini kamar mu, don ba su da dutse. Ko rubutu a kan ɗanyar laka suke yi da tsinken kara, su shanya ta bushe. Rafi suke ja su ba gona ruwa, irin yadda masu albasa ke yi a fadama. Wata mata a bayanmu ta ce ashe dai talakawa ne irinmu. Kawu bai ji daɗin wannan ba.

"Kai ka karanta, ni na taka ƙasar da ƙahwata," in ji shi. "Azaba ta."

Na mai da ido kan hanya, don ba a gardama da shi a bainar jama'a. Gefen hanya gonaki ne an share an ƙone kara, ana jiran ruwa, ga rumbunan albasa jere. Kafin mu shiga Shagari muka tsaya a shingen jami'an tsaro. Ɗaya ya leƙo ya tambayi inda tsoho za shi, Kawu ya ce gida. Da ya ji sunan gidan sai ya daɗe yana kallonsa. Ya ce shi tun da aka kawo shi nan bai ga wanda ya ce can za shi ba, amma Allah ya tsare. Ya ɗaga mana hannu muka wuce.

Shagari

Mun sauka da hantsi, zafi ya riga ya fara dukan ƙeya. Muka zauna wajen wata mai koko muka karya da ƙosai. Muna cikin ci na hango Sani, ɗan maƙwabcin Kawu a Tungar Gawo, yana lodin buhunan albasa a wata babbar mota. Shi ma ya gan mu, ya yi kamar zai ɓuya a bayan motar, daga baya dai ya zo ya durƙusa. Kowa ya san ya auri 'yar Shagari, ya gina ɗaki ɗaya na bulo a bayan gari. Ya yi ta jero gaisuwa, Kawu yana amsawa da lahiya, lahiya, idonsa na kan kofin koko. Da Sani ya ce zai biya mana abin da muka ci, Kawu ya ce matafiya sun taho da guzurinsu. Yaron ya tashi ya koma wajen lodinsa, ni ma sai na ji ƙosan ya fita daga raina.

Samun babur zuwa Mandera ya ba mu wahala. Masu kabu-kabu da yawa suna jin inda za mu wuce daga can sai su juya kai. Muka koma gindin wata darbejiya muna jira. A nan ne Kawu, wanda bai taɓa tambayata komai a kan karatuna ba, ya ce a Babila an nuna musu inda aka ce wani sarki ya tsare Bani Isra'ila bayan ya rushe garinsu. Ya tambaye ni abin da littattafanmu na boko suka ce ya faru da su.

Na gaya masa abin da na sani. An kwaso manyansu da masu sana'arsu aka zaunar da su a bakin rafukan Babila. Ɗakin ibadarsu ya rushe, ba inda za su kai layya. Masana tarihi da yawa suna ganin a wannan zaman ne addinin Yahudawa ya ɗauki kamannin da aka san shi da su daga baya: suka tattara labaran kakanninsu suka rubuta, suka riƙe ranar Asabar gam, suka koma taruwa suna karatu a duk inda suka sami kansu. Bayan shekaru wani sarki ya ci Babila ya ce wanda ke son komawa ya koma. Wasu suka koma. Da yawa suka ƙi, don a can aka haife su, a can gonakinsu da shagunansu suke.

Na yi tsammanin zai tsine wa waɗanda suka ƙi. Bai ko ambace su ba.

"Waɗanda sunka koma, mi sunka ishe?"

Na ce rusasshen gari. Sun sake gina ɗakin ibadar, amma an ce tsofaffin da suka san na farko kuka suka yi da suka ga na biyun. Ya gyaɗa kai, ya ce ai dai sun gina. Ni kuma na yi da-na-sanin ba shi labarin, don na ga abin da ya tsinta a ciki, kuma ba shi nake so ya tsinta ba.

Mandera

Bayan azahar muka sami babura biyu, kuɗin ya ninka abin da na sani. Hanya yashi ce da kwazazzabai, sau biyu ina sauka ina turawa. Kawu kuwa ya zauna daram a bayan nasa, babbar rigarsa na kaɗawa, kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Mun sauka a gidan tsohon abokinsa, Malam Buhari, manomin albasa. Ya yi murna da ganinmu har sai da ya ji abin da ya kawo mu. Aka kawo fura mai sanyi, da magariba kuma tuwon gero da miyar kuka. Malam Buhari bai ci ba, lallashi ya yi ta yi. Ya ce makiyaya da masu itace sun ba shi labarin wurin, ya faɗa masa a nan ya huta. Kawu ya ce mai itace bai san gini ba, in ya ga rufi a ƙasa sai ya ce gari ya mutu. Ya lissafa masa bangayen da shi da kansa ya tsaya aka gina: na zaurensa, wanda kaurinsa ya kai kamu biyu, da na masallaci, wanda duk shekara bayan girbi gari ke fitowa a yi masa yaɓe, mata na jan ruwa maza na kwaɓa. Ya ce irin wannan bango ba ya faɗuwa don an yi 'yar tafiya.

Malam Buhari ya dube ni, na sunkuyar da kai. A ƙarshe ya aika aka kira 'yan sa-kai biyu. Suka yarda su raka mu da safe, da sharaɗin kafin rana ta take tsaka mun juyo, ko mun gama ko ba mu gama ba.

Tungar Gawo

Da sassafe muka tashi a kan babura. Bayan mun bar gonakin Mandera sai hanyar ta fara ɓacewa. Inda amalanke ke bi a da, sabara ta rufe. Gonakin da na san masu su ɗaya bayan ɗaya sun haɗe sun zama daji guda, ba a gane iyakar wani. Ba mu haɗu da ko akuya ba. Tsoro ya kama ni sosai, ba zan ɓoye ba, duk motsin ganye sai in waiga.

Gawon muka fara hangowa, yana tsaye inda yake. Kawu ya nuna shi da sanda yana murmushi. Muka sauka a gindinsa muka ƙarasa da ƙafa. Daga nan ya kamata a ga zaurensa. Ba zaure.

An ƙone wasu ɗakunan tun ranar da aka tashe su, sauran kuma an zare azarorinsu. Da rufi ya tafi, ruwa ya riƙa cin bango daga sama, ba mai yaɓe, ba mai gyara indararo. Abin da ya rage tarin ƙasa ne, wani ya kai gwiwa wani ya kai ƙirji, duk sun yi sumul, busasshiyar tafasa ta fito a kansu. Lungunan da muke gudu a ciki muna yara sun cike. Na tsaya ina neman ɗakin kakata, inda aka yanke mini cibiya, na kasa cewa ga shi.

Kawu ya kutsa cikin tarin ƙasar. Ya yi ta zagayawa yana soka sandarsa a ƙasa, ko zai ji bango a ciki. Ya wuce rijiya, muka bi shi. Bakinta ya rufta. Ɗaya daga cikin 'yan sa-kan ya jefa dutse, muka ji ya faɗa a kan yashi nan kusa. Wanda duk ya taɓa kwaɓa ƙasa ya san ma'anar wannan, ba ruwa ba gini. Kawu ya juya kamar bai ji ba, ya nufi tudun da ya fi kowanne girma, ya hau da ƙyar, ya ƙi in riƙe shi. Daga sama ya kare ido da hannu yana duban gabas da yamma.

"Nasiru, ina masallaci?"

Na duba gawon, na duba rijiyar, na auna da ido. A gabashin tudun akwai wani ɗan lanƙwasa da ya fito waje, inda liman ke tsayawa.

"Bisa gare shi kake, Kawu."

Ya dubi ƙafafunsa. A hankali ya sunkuya ya cire takalmansa, ya riƙe su a hannu, ƙasar kuwa ta riga ta ɗauki zafi. Ya daɗe a tsaye haka. Sannan ya zauna, ya ɗebi ƙasa, akwai tsingaron tulun alwala a ciki, ya yi ta jujjuya shi.

"Tsammani nike sai shekara dubu gari ka zama haka," in ji shi. "Damina uku. Mu ko ba mu bauta ma gunki ba, Nasiru. Ko sau guda ba a bar salla nan ba."

Duk abin da na karanta a kan laka da ruwan sama yana kaina, amma ba shi yake tambaya ba. Ya ce wataƙila su ma mutanen tuddan Iraƙi korar su aka yi, suka tafi da niyyar dawowa bayan girbi, shi kuma ya zo ya hau kan ɗakunansu da takalmi yana yi musu shaida. Ya ce Allah ne kaɗai ya san tsakaninsa da bayinsa. Sai na ga hawaye na bin gemunsa, abin da ban gani ba ko ranar da muka binne matarsa. Ni ma na juya baya na yi nawa.

'Yan sa-kan suka ce lokaci ya yi. Kawu ya roƙi a bar shi ya je maƙabarta. Muka je inda muke zaton nan ne, ya tsaya ya yi addu'a ga wuri duka, don ba a gane kabarin kowa.

Komawa

Ba mu tsaya a Mandera ba sai don sallama. Malam Buhari bai tambayi komai ba, ya dai riƙe hannun abokinsa har bakin hanya. A Shagari muka yi sa'a mota ta kusa cika. Sani yana wurin, wannan karon Kawu ne ya kira shi, ya tambayi lafiyar iyalinsa, ya sa masa albarka. Daga nan muka kama hanyar Bodinga. Wani fasinja da ya gane shi ya ce Na-Bagadaza a ba su labarin ƙasashe mana, Kawu ya ce ya manta.

Mun iso bayan la'asar. Tun daga titi na hango mutanen Tungar Gawo sun taru a bakin bukkoki, maza a gaba, mata daga baya da goyo, ga tarin ƙasar da samari suka haƙo a gefe. Gabas ta yi duhu, ana jin ƙanshin ruwa daga nesa. Aka shimfiɗa masa tabarma bai zauna ba. Ya dogara da sandarsa ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Kuhwai na," in ji shi. "Ku gina."

Na ɗauka samarin za su yi murna, tunda abin da suke nema ke nan. Ba wanda ya motsa. Ashe su ma, duk gardamar da suke yi, sun jingina ne da taurin kan tsohon nan, muddin yana cewa kango ne to suna da garinsu. Wata mata ta fara kuka a baya, wasu suka kama. Mahaifiyata ta ja mayafinta ta rufe fuska.

A nan ya kamata in gode wa waɗanda suka taimake mu: Malam Buhari da iyalinsa, da 'yan sa-kan nan biyu da suka sa ransu a hatsari don wani tsoho ya ga tarin ƙasa, da masu baburan da suka yarda suka ɗauke mu, da mai gonar da har yau bai ce a tashi ba. Allah ya saka musu, ya kuma dawo mana da zaman lafiya. Mun je lafiya mun dawo lafiya, in dai lafiyar jiki ake nufi.

Washegari kafin in tafi makaranta na biya. An fara kwaɓa, ana auna fili da igiya. Babban ɗan Kawu ya zo ya durƙusa ya ce ɗakin mai gari za a fara azawa, ya zo ya nuna inda yake so. Kawu yana zaune a ƙofar bukkarsa da carbi. Ya ce a fara da na masu jinjirai, sannan na tsofaffin mata. Ɗan ya ce to nasa fa.

"Mai garin ina?" in ji Kawu. "Ni kar a sa ni cikin lissahi."

Yau da nake wannan rubutu ruwa ya sauka sosai, ɗakuna sun tashi, har an yi rufin wasu. Duk wanda ya je lallashin Kawu ya dawo a banza, har da ni. Yana nan cikin zanarsa, tamfol ɗin yana yoyo ta gefen da yake kwana.